Wa Ya Gwada Na'urar Kafin A Gwada Malami?



Akwai wani fannin karatu a manyan jami'o'in duniya da ya kamata kowane malamin firamare a wannan reshe ya san da zamansa, domin a cikinsa akwai amsar wani zargi da ya daɗe yana bin mu. Ana kiransa ilimin mu'amalar mutum da kwamfuta. Abin da ɗalibansa suke nazari shi ne abin da ke faruwa idan ɗan Adam ya zauna gaban na'ura: inda yake ruɗewa, inda yake yin kuskure, da inda yake gajiya ya ture ta gefe. Zargin kuwa kun san shi sarai. Duk sa'ad da aka kawo kwamfutar hannu ko sabuwar manhaja makarantunmu ta kasa tsinana komai, bayani guda ake kaiwa sama: wai malamai ne ba su waye ba, wai tsoron zamani muke yi, wai mun fi son alli da ƙura. Muna so mu nuna cewa ɗalibin da ya yi zango ɗaya kacal a wannan fanni ba zai yarda ya sa hannu a kan irin wannan bayani ba, don zai san cewa da ya rubuta shi a jarrabawa faɗuwa zai yi.

Mu ɗauki Jami'ar Carnegie Mellon da ke Amurka, wadda tun tsakiyar shekarun 1990 take bayar da digiri na biyu a wannan fanni. Karatun na shekara guda ne cur. Waɗanda ake ɗauka ba duka masana kwamfuta ba ne. Akan haɗa wanda ya karanta halayyar ɗan Adam, da wanda ya karanta zane, da wanda ya ƙware a rubuta manhaja, a zuba su rukuni ɗaya, mutum biyar ko kusa da haka. Da gangan ake yin wannan gauraye, don kada mai rubuta manhaja ya ɗauka kowa yana tunani irin nasa. Ɗakin karatunsu ya fi kama da shagon tela ana gobe salla: bango cike da ƙananan takardu masu gam, kowace ɗauke da magana ɗaya da wani mai amfani da na'ura ya faɗa, ɗalibai suna tsaye suna ciro wannan su manna kusa da waccan har sai matsalolin sun fito rukuni-rukuni. Kowane aiki da ɗalibi ya yi sai ya kafa shi a gaban 'yan'uwansa da malamai su yi masa filla-filla, kuma ba a yarda ya tsaya kare kansa da cewa ai niyyarsa mai kyau ce. Daga ƙarshe kowane rukuni yakan shafe kimanin wata bakwai a kan aiki guda na wani kamfani ko wata ma'aikata, kuma babban kaso na wannan lokaci a wajen mutane ake ƙarar da shi, ana kallo ana tambaya, kafin a kai ga ƙera wani abu.

Darasin da aka fi nanata musu gajere ne: kai ba kai ne mai amfani da abin ba. Ma'ana, kasancewar abu ya yi maka sauƙi, kai da ka tsara shi, ba hujja ba ce ta komai. Saboda haka ake koya musu wata hanyar gwaji da za ta ba kowane malami sha'awa. Ɗalibi zai zana fuskar manhajar a kan takarda da fensir, tun ba a kashe ko sisi wajen rubuta ta ba, ya ajiye a gaban mutumin da aka yi abin dominsa, ya ba shi aiki, ya roƙe shi ya riƙa faɗin abin da ke ransa yayin da yake ƙoƙarin yi. Shi kuma ɗalibin sai ya kama bakinsa. Ko ya ga mutumin yana lalube, ko ya ga yatsansa ya wuce wurin da ya kamata ya danna sau uku, ba shi da izinin ya ce ga shi nan. Aikinsa ya rubuta. Kafin a fara kuma wajibi ne ya shaida wa mutumin cewa na'urar ake gwadawa, ba shi ba, kuma duk inda ya maƙale to laifin tsarin ne. Jakob Nielsen, ɗaya daga cikin sanannun masanan fannin, ya yi suna da ra'ayin cewa gwaji da mutum biyar kawai yakan tono kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin da ke cikin tsari. Wasu masanan sun yi jayayya da lissafin nasa, suna cewa biyar sun yi kaɗan. Ku lura da inda gardamar take: tsakanin biyar ne da abin da ya fi biyar. Babu wanda ya taɓa cewa sifili ya wadatar. Mu kuwa da sifili ake yi mana aiki.

Wannan tunani yana da tushe. A 1988 Don Norman ya wallafa littafin da har yau ake sa sababbin ɗaliban fannin su karanta, inda ya kafa misali da ƙofa. Akan sami ƙofar da aka sa wa mariƙi irin na jawowa alhali turawa ake yi, sai ka ga mutum bayan mutum yana ja yana jin kunya, kowa yana zaton shi ne sakarai. Norman ya ce mutanen lafiyarsu lau, ƙofar ce aka ƙera ba daidai ba. Idan mutum ɗaya ya kasa buɗe ƙofa ana iya cewa hankalinsa na wani wuri. Idan malamai talatin a ɗakin bita suka maƙale a shafi guda na manhaja guda, ai biri ya yi kama da mutum.

Akwai kuma wata hanya da Karen Holtzblatt da Hugh Beyer suka shimfiɗa, wadda ake koyarwa a kusan duk irin waɗannan makarantu. Mai bincike zai tafi inda mutum yake aikinsa, ya zauna kusa da shi a matsayin ɗan koyo a gaban maigida, kamar yaron maƙeri a bakin zuga. Ma'aikacin ne gwani, mai digirin ne almajiri. Dalilin shi ne mutum ba ya iya zayyana aikinsa da baki a ofis kamar yadda yake yin sa da hannu. Abubuwa da yawa sun zame masa jiki har ba ya ganin su. A Jami'ar Maryland ma, Allison Druin ta kai abin har ga yara: 'yan shekara 7 zuwa 11 suna zama da manya a matsayin abokan tsara kayan da za a yi wa yara. Sa'annan a jami'o'in Amurka, mai binciken da zai shafi yara sai ya bi ta gaban kwamitin ɗa'ar bincike, ya kuma nemi yardar iyaye.

Mu da muka fito daga kwalejojin ilimi wannan duk ba baƙon abu ba ne a wurinmu. An sa mu koyar da darasi na 'yan mintuna a gaban 'yan ajinmu, suka yi mana gyara, muka sake. An tura mu gwajin koyarwa, mai duba mu ya zauna a bencin baya da takardarsa bai ce uffan ba sai da muka gama. An koya mana cewa idan rabin aji ya faɗi tambaya ɗaya, to malami ya koma ya duba yadda ya koyar ko yadda ya yi tambayar. Ƙa'idar da ake hukunta mu da ita ke nan kullum. Abin da muke tambaya shi ne me ya sa ba a hukunta kayan da ake kawo mana da ita.

Ga yadda abin yake zuwa mana, kuma babu wanda zai karanta wannan bai gane ba. Takarda za ta iso ranar Alhamis cewa akwai bita ranar Litinin. Za a tara mu a babban ɗaki mai janareta, matashi mai kirki zai nuna mana manhaja a farin bango da sauri irin na wanda ya saba, a raba kwamfutocin hannu, a ɗauki hoto, a sa hannu a takardar alawus. An riga an ba da kwangila, an riga an rubuta manhajar, an riga an buga rahoton nasara a zuci. Ranar da muka koma aji sai gaskiya ta yi halinta. Manhajar kiran suna tana son a danna sunan kowane yaro ɗaya bayan ɗaya a jira ta amsa. Wanda ya tsara ta yana da aji mai yara talatin da biyar a ransa, kamar yadda manufar ilimi ta ƙasa ta tanada, mu kuwa akwai mai yara casa'in, akwai mai fiye da ɗari. Kafin a gama kiran suna darasin farko ya tafi. A aji ɗaya akwai Fatima shida da Abubakar biyar, wasu ma har sunan uba ya zo ɗaya. Mu da laƙabi da unguwa muke rarrabe su, manhajar kuwa ba ta da gurbin laƙabi, sai ta ce an maimaita suna. Hasken rana yana shigowa ta tagar da ba ta da marfi, fuskar na'urar ta dushe. Caji ya ƙare, makaranta ba lantarki, sai malami ya kai shagon caji da kuɗin aljihunsa. Sabis ya ɗauke, bayanan ba su tafi ba, gobe a kira shugaban makaranta a ce malamansa ba su zo aiki ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, ɗalibin wancan fanni da ya zauna a bayan ajinmu safiya ɗaya tak zai gano shi kafin a tashi tara.

Sai batun da ya fi ci mana rai a matsayinmu na masu koyar da karatu da rubutu. Sau nawa aka ba mu na'urar da madannanta ba su da ɓ da ɗ da ƙ? Mu ne muke shan wahalar nuna wa yaron aji biyu bambancin baki da baƙi, da kafa da ƙafa, da dari da ɗari, da fada da faɗa. Sai a kawo abin da ake kira na zamani ya rushe wannan a mako guda, ko kuma ya nuna akwati fanko a inda harafin yake. Waɗannan haruffa suna nan a cikin tsarin haruffan kwamfuta na duniya tun da daɗewa, wayoyin da ke aljihunmu ma suna iya rubuta su. Rashin su a kayan makaranta ba gazawar fasaha ba ce. Alama ce ta cewa babu wanda ya zauna da malamin Hausa ko na minti goma.

Kada a ce ƙorafin ƙauye muke yi. Duniya ta riga ta biya kuɗin wannan darasi da tsada. A 2005 Nicholas Negroponte ya shelanta shirin ba kowane yaro kwamfuta mai dala 100, da fatan yara za su koyar da kansu in dai na'urar ta shiga hannunsu. Nijeriya na cikin wuraren da aka fara gwadawa, a wata makarantar firamare da ke Galadima a Abuja, a 2007. Ƙasar Peru ta sayi dubban ɗaruruwa. A 2012 Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar da sakamakon bincike a makarantun karkara 319 na ƙasar, bayan wata 15 ana amfani da na'urorin: yaran sun iya sarrafa kwamfuta, an ga ɗan ci gaba a wasu gwaje-gwajen kaifin tunani, amma a lissafi da harshe ba a ga wani ƙari ba. Injiniyoyin shirin ba ragwaye ba ne, na'urar ma tana da ƙarko. Abin da aka raina shi ne malami da aji da yadda rana take tafiya a makaranta. Yau a ɗakunan karatun wancan fanni ana kawo labarin a matsayin gargaɗi, mu kuma a nan ana maimaita shi a matsayin sabon shiri.

Wani salon kuma ya shigo, wanda a cikinsa ake ba malami kwamfutar hannu ɗauke da darasi a rubuce kalma bayan kalma, na'urar tana lissafa lokacin da ya fara da lokacin da ya gama. Jihar Edo ta fara irin wannan a 2018, wasu jihohin suka bi. Masu goyon bayansa suna cewa yana taimakon malamin da bai samu horo sosai ba, kuma yana rage fashin aiki. Ba mu ce babu ƙamshin gaskiya a nan ba. Akwai malaman da shiryayyen darasi zai tallafa musu, kuma ƙungiyarmu ba ta taɓa kare mai gudun aji ba. Amma a yi tambayar da ake koya wa ɗalibin fannin ya fara yi: wane ne ainihin wanda aka ƙera abin dominsa? Idan na'urar tana hannun malami amma duk amfaninta yana tafiya ga mai kallon alƙaluma a ofis, to malamin ba mai amfani ba ne, abin aunawa ne. Idan yaro ya ɗaga hannu bai gane ba, rubutun kuma ya ce a wuce, wa malami zai bi? A 2017 Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa, ta sallami fiye da dubu ashirin da ɗaya. Ba wannan shari'ar muka zo tayarwa ba. Muna nuni ne da cewa idan gwada malami ake so, nan da nan akan sami kuɗi da zaure da masu sa ido. Ba mu taɓa jin an tara malamai an ce ga manhaja, ku gwada ta, in ta faɗi za a sallami ɗan kwangila ba.

Su ma masu wannan karatu muna da magana da su, don kada a ɗauka waliyyai muka mai da su. Karatu ne mai tsadar gaske, kuma mafi yawan masu gama shi manyan kamfanoni suke nufa. Mutumin da suka saba gwaji da shi yana da lantarki dare da rana, yana da wayarsa shi kaɗai, yana karatu da Ingilishi. Wanda ya koyi sauraro a irin wannan muhalli yana iya zuwa nan ya saurara da kunnen da bai san karin maganarmu ba. Bahaushe idan baƙo mai mutunci ya nuna masa abu ya ce yaya ka gani, zai ce madalla, ya yi kyau, ko da bai gane komai ba, don kunya da kara. Mai binciken da bai san haka ba zai koma da littafi cike da yabo. Su kansu masanan fannin da suka yi aiki a Indiya sun rubuta a kan wannan matsala ta faranta wa baƙo rai. An fara gyara. A 2016 aka yi taron farko na masanan fannin na nahiyar Afirka a Nairobi. Amma har yanzu tafiyar da nisa.

Ga kuma ƙannenmu da 'ya'yanmu da ke digiri na biyu a sassan kwamfuta da na ilimi a jami'o'inmu na gida. Muna ganin ku kuna zuwa da takardar tambayoyi, a ce mu zaɓi na yarda ƙwarai ko ban yarda ba a kan jimloli ashirin da aka rubuta da Turancin da ko mai rubutun sai ya sake karantawa. Mukan cika muku a tsaye lokacin tara, don mun san halin karatu. Daga nan ba mu sake jin ɗuriyarku, kundin ya tafi kan kanta ya sha ƙura, a ciki kuma an rubuta cewa malaman firamare ba su da kyakkyawan ra'ayi game da fasaha. Ku zo ku zauna. Bencin baya yana nan, ba ma karɓar ko kwabo. Mako guda a aji uku zai ba ku abin rubutawa da takarda ɗari biyar ba za su ba ku ba, kuma in kun gama ku dawo ku karanta mana abin da kuka gano, mu gaya muku inda kuka yi daidai.

Abin da zai fi ba ku mamaki, 'yan'uwa, shi ne wani babban reshe na wannan ilimi a zauren ƙungiyar ƙwadago aka haife shi. A farkon shekarun 1970, Ƙungiyar Ma'aikatan Ƙarfe ta ƙasar Norwe ta ga kwamfuta tana shigowa masana'antu ba tare da an tambayi ma'aikata ba. Ba ta ce a kore ta ba, ba ta kuma zauna jiran bita ba. Ta haɗa kai da masanin kwamfuta Kristen Nygaard, ma'aikata suka zauna suka yi nazarin tsarin da kansu, suka rubuta abin da suke so. A 1975 babbar ƙungiyar ƙwadagon ƙasar da ƙungiyar masu masana'antu suka sa hannu a yarjejeniyar da ta ba ma'aikata haƙƙin a sanar da su, da harshen da za su fahimta, kafin a kawo sabon tsarin kwamfuta, da haƙƙin zaɓen wakilinsu na musamman a kan wannan batu. A 1981 kuma ma'aikatan ɗab'i na ƙasashen yankin suka shiga wani aiki da masu bincike na Suwidin da Denmak, inda aka riƙa yin kwaikwayon na'ura da kwali da katako, masu shirya shafukan jarida suna nuna yadda aikin yake tafiya a hannunsu. Hanyar da ake kira tsarawa tare da masu amfani, wadda yau ɗalibi yake biyan maƙudan kuɗi ya koya, daga nan ta samo asali. Gadon 'yan ƙungiya ne, mu ne muka bar shi a hannun wasu.

Saboda haka muna kira ga shugabannin wannan reshe da su kai maganar gaba a rubuce, kada ta tsaya a hirar ɗakin malamai. Duk wata na'ura ko manhaja da za a ɗora wa malami, a fara kawo ta ajin gaske, mai yawan yara na gaske, a makarantar da ba ta da lantarki, na tsawon zango guda, kafin a sa hannu a kwangila. Malaman da za su gwada ta reshe ne zai zaɓe su, a sa mata a ciki, a sa na ƙauye, a sa waɗanda suka kusa ritaya, ba 'yan gaban goshin ofis da suka riga suka iya ba. Abin da suka rubuta ya shiga fayil ɗin sayen kayan. Kuɗin caji da na data ya fito daga inda na'urar ta fito. A gaya mana a fili wane bayani na'urar take tarawa a kanmu da kan yaranmu, ina yake tafiya, wa yake gani. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta shar'anta neman yardar iyaye ko waliyyai kafin a dogara da amincewa wajen sarrafa bayanan yaro, mu kuwa mun sha ɗaukar hotunan yara da sunayensu ba tare da an aika ko da ɗan guntun takarda gida ba. Kada kuma a hukunta malami da alƙaluman na'ura sai an ba shi damar gani da yin bayani, rajistar takarda tana nan a matsayin shaida. Kuma reshe ya naɗa mutum guda, kamar yadda ma'aikatan Norwe suka yi, wanda aikinsa shi ne bin diddigin duk wani tsarin kwamfuta da ke shirin shigowa makarantunmu. Muna roƙon sakatare ya sa wannan a ajandar taron wata mai zuwa, kowace makaranta kuma ta zo da jerin wuraren da manhajar da ke hannunta take maƙalewa, da sunan shafin da abin da aka danna.